Yayana Lauya da Ɗaliban Damina

Ku da ba ku zo Keffi ranar da aka kai Yaya makwancinsa ba, bari in ba ku labari, don ni ban taɓa ganin irinta ba, kuma na daɗe a duniya. Na san ba a yi wa mutuwa murna. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, mu ma muna hanya. Amma wallahi ranar nan ina kuka ina alfahari, har ban san wanne ya fi yawa ba.

Motoci tun daga ƙofar gidansa har kwanar da ake shiga unguwar Yara. Masu babur sun rasa hanya suna ta faɗa, da aka gaya musu wanda ya rasu sai suka kashe babura suka bi sahu. Maza da baƙaƙen kwat a cikin zafin nan, mata da farar riga da baƙin siket, wasu da mayafi, wasu da gicciye a wuya. Maƙwabciyata mai ƙosai ta matso ta ce, "Gwaggo, wai gwamna ne zai zo?"

Na ce, "Wane gwamna? Ɗalibaina ne."

Ta dube ni, ta zaci baƙin ciki ya taɓa mini kai. Na ce, "Tsaya ki gani."

Ba a jima ba wani ƙaton mutum ya fito daga mota, ɗan sanda na riƙe masa ƙofa. Alƙali ne yanzu a babbar kotu, an ce ko tari ya yi sai lauyoyi sun gyara tsayuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga soro, ya zo ya durƙusa a gabana, ya fashe da kuka kamar yau aka yaye shi.

"Gwaggo, Baba ya tafi."

Na ce, "Ya tafi. Tashi kada ka ɓata wando. Har yanzu kana katse mutane idan suna magana?"

Ya yi dariya hawaye na zuba, ya ce, "Ai ke kika raba ni da wannan halin."

Mai ƙosai ta riƙe baki. Ni ko kallonta ban yi ba.

Matan cocin da ke bayan ofishinsa sun zo da kulolin abinci, suka zauna da matar Yaya suna riƙe da hannunta, ita kuwa carbinta kawai take ja. Wani tsoho daga Gitata ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ƙafarsa duk laka. Ya zauna a dakali ya ce, "To, yanzu wa zai bar mutum ya gama magana?" 

Sai kuma wasu huɗu, samari biyu da 'yan mata biyu, sun raɓe jikin katanga, kowanne da ambulan a hannu. Ba wanda ya san su, ba wanda ya ba su wurin zama. Ni na gane su tun ba su buɗe baki ba. Ɗaliban bana ne, 'yan jami'a masu karatun lauya, waɗanda Yaya ya karɓa za su yi zaman koyon aiki a ofishinsa idan an yi dogon hutu. Saura kwana goma hutun. Takardar tana hannunsu, wanda ya sa mata hannu yana ƙasa. Sauran ofisoshin lauyoyi sun cika tun tuni, wanda kuma bai samu wuri ba haka zai koma makaranta bai taɓa fayil ba, bai ga cikin kotu ba. Kuma da kunnena na ji ɗan Yaya, wanda yake lauya a Abuja, yana gaya wa wani a waya cewa da an yi addu'ar bakwai zai kulle ofis ya mayar wa mai gini makullinsa.

Yadda aka ƙare zan gaya muku, amma sai kun san wane ne Yaya tukuna.

Ni ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba. Daddawa nake yi tun ina budurwa, kuma duk Keffi idan an ce miya ta yi daɗi a tambayi inda aka sayo daddawar. Yaya ne aka kai makaranta, ni aka bar ni da tukunya, ban taɓa jin an cuce ni ba. Mai rubuta mini wannan 'yata ce lauya, ba ta cikina ba, za ku ji labarinta a gaba. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta rubuta, kada ta gyara mini baki.

Asalin abin daga wata shari'ar gona ne, lokacin Yaya bai daɗe da samun baƙar rigarsa da farar hularsa ta lauya ba. Gonar tana wajen Gitata. Wani tsoho na wancan zamanin ya ce kakansa ne ya ba da ita aro. Masu nomanta suka ce tasu ce tun fil azal. Babu takarda ko ɗaya. Yaya ne lauyan tsohon, tsohon nan kuwa idan ka tambaye shi gona sai ya fara da matarsa, sai Yaya ya ce, "Baba, taƙaita." Ya sake farawa da matarsa, Yaya ya ce, "Baba, gona nake tambaya." Shari'a ta juya musu baya.

Wata rana da azahar ya shigo gidana cin tuwo, fuska a ɗaure. Na ce me ya faru, ya ce, "Ba za ki gane ba, maganar shari'a ce."

Na ce, "To. Wace gonar ce ba zan gane ba? Mai babbar ɗorawar nan ta bakin rafi?"

Ya ce ita.

Na ce, "Ai kalwar da na yi daddawar miyar nan da kake ci daga bishiyar take. Duk shekara wurin matar tsohon nake saye. Masu noman ba sa taɓa ɗorawar. Su ne ma ke aika mata cewa ta nuna, ta zo ta girbe abarta."

Loma tana hannunsa ta tsaya a hanya. Ya ce, "Sake faɗa."

Na sake. Duk ɗan ƙauye ya san wanda aka ba aron gona noma kawai yake yi, 'ya'yan ɗorawa na mai ƙasa ne. Don kowa ya sani shi ya sa ba wanda ya ga abin faɗa ne a kotu. Tsohon nan sau uku yana ɗauko zancen, ta wurin matarsa yake biyowa, Yaya yana datse shi. Wallahi ko hannu bai wanke ba ya fita.

Ni aka kira shaida! Na ci ado, na sha ɗauri, na tsaya a gaban alƙali. Lauyan ɗaya ɓangaren ya dube ni sama da ƙasa ya ce ta bakin tafinta, "Kin iya karatu?"

Na ce, "Ban iya ba. Amma na san hannun da yake miƙo mini kalwa, kuma na san hannun da bai taɓa miƙo mini ba."

Tsoho ya samu gonarsa. Daga ranar Yaya bai ƙara kirana da suna ba, sai Farfesa. A kasuwa ma daga nesa zai ɗaga laimarsa ya ce, "Farfesa, an tashi lafiya?" mutane suna waige-waige suna neman mai tabarau.

Da ya fara karɓar ɗalibai a dogon hutu, sai ya kafa doka. Huɗu yake ɗauka duk damina, bai taɓa ƙarawa ba, ya ce abin da idonsa zai iya bi ke nan. Kuma duk wanda ya zo, makon farko ba zai taɓa littafi ba, ba zai taɓa fayil ba. Zauren Gwaggo zai tafi.

Ku zo ku ga yara! Sun sha guga, sun ɗaura wannan igiyar a wuya, sun zaci Abuja za a kai su, sai a tsallaka da su kwata a kawo su zaurena, lokacin kalwa ta kwana biyu a rufe tana tashi. Wanda bai san warin daddawa tana nuna ba bai san wari ba. Wani ya toshe hanci da hankici, wata ta ce tana da mura. In ce, "Ku zauna, warin ba ya cizo." Kujeru 'yan tsugunno biyar ne a zauren, su hau huɗu, ta biyar faifaina nake ajiyewa a kai.

Sai in ɗauko labari. Rigimar gona, ko ta gado, ko ta bango tsakanin maƙwabta. Ba na bin hanya miƙaƙƙiya, don wanda ya kawo kuka ofishin lauya ba ya bin ta. In shiga auren wance, in fito ta akuyar da ta ɓata, in tsaya kan shekarar da ruwa ya cinye gada. Maganar da shari'ar ta rataya a kanta sau ɗaya tak nake faɗarta, a tsakiyar shirme, ina tsince tsakuwa, ko kai ba na ɗagawa. Idan na gama su koma ofis ɗaya bayan ɗaya su maimaita wa Yaya.

Shi kuma yana zaune da dafaffiyar gyaɗa, don aljihun kwat ɗinsa ba ya rabuwa da ita da damina, matarsa ta yi faɗan har ta gaji. Ba ya kallon ɗalibi, ɓare gyaɗarsa yake. Yaro ya zuba Turanci ya zuba, ya kawo sunaye da shekaru a jere, ya tsaya yana jiran yabo. Sai Yaya ya ce, "Sai kuma me ta ce?"

"Shi ke nan, Baba. Sauran hira ce."

"Koma."

Kalmominsa ke nan guda biyu, duk wanda ya bi ta hannunsa ya san su. Sai kuma me ta ce. Koma. Wannan alƙalin da ya durƙusa mini sau huɗu aka koro shi, don ba ya bari in kai aya, sai ya ce, "Gwaggo, na gane, na gane." A na huɗun na ce, "Idan ka gane tashi ka juya mini tukunya." Ya juya, hayaƙi ya rufe masa baki, a nan ya ji abin da ya kwana huɗu bai ji ba.

Wata shekara kuma ɗalibai suka zo da wayo. Na bara sun tsegunta musu. Ko gaisuwa ban gama ba wani ya ɗaga hannu ya ce, "Gwaggo, ɗorawa ce!" Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Bana rigimar rijiya ce." Yaya da ya ji ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Tun daga nan ban ƙara maimaita labari ba. Ina da su, ba su ƙare ba.

Wanda ya tsallake ni, ranar nan Yaya zai miƙe ya ba shi hannu ya ce, "Sannu da zuwa, abokin aiki." Ya ɗora masa fayil. Daga nan sai aiki. Su rubuta takarda ya bi ta da jan biro har ta koma kamar an yanka kaza a kai. Su ɗauki jakarsa zuwa kotu su zauna a bayansa, idan an fito ya tambaye su abin da shaida ya ƙi faɗa. Yana da takalman roba a bayan tsohuwar motarsa, ya kwashe su zuwa gona cikin ruwa su ga iyaka da idonsu, ya ce wanda bai taka ƙasar ba kada ya yi rantsuwa a kanta. Makon ƙarshe kuwa, idan mai ƙara ya shigo, ɗalibi ne zai hau kujerar Yaya ya saurare shi, shi ya koma lungu da gyaɗarsa kamar ba ya wurin. Ranar sallama ni ke yin tuwo, duk wanda ya toshe hanci a makon farko shi ke neman ƙari.

Yanzu ga labarin 'yata mai rubutu. Ga ta nan tana cewa in tsallake. Rubuta!

'Yar Eggon ce, Kirista, ta zo da Hausar kasuwa, ta "nawa ne" da "rage mini". Ba ta da kowa a Keffi idan an rufe ɗakunan makaranta. Yaya ya kawo ta gidana da jakarta ya ce, "Farfesa, ga 'ya na kawo miki." Ranar Lahadi shi ke tsayawa da mota ya sauke ta a coci. Amma a jarrabawata bai rage mata ko ƙwayar gero ba. Sau uku yana cewa koma. A na ukun ta zauna a matakalar ofis tana kuka, ta ce Hausata ta yi mata zurfi, gara ta tafi gida. Yaya ya fito ya zauna kusa da ita a ƙasa, da kwat ɗinsa, ya miƙa mata gyaɗa. Ya ce, "Wa ya ce miki an hana tambaya?"

Washegari ta zo. Na fara, ta ce, "Mama, tsaya. Wannan kalmar me take nufi?" Na gaya mata. Na ci gaba, ta ce, "Mama, kin ce ya kwana a can. Wa ya gan shi?" Na ajiye faifai na dube ta. Duk ɗaliban da suka gabace ta ba wanda ya taɓa tambayata, kunya suke ji a ce tsohuwa mai daddawa ta faɗi abin da ba su gane ba. Da yamma na je ofis da kaina na ce, "Yaya, wannan ta fi ka." Ya ce, "Na sani. Kada ki gaya mata." To yau na gaya mata.

Mutum ɗaya ne bai zauna a zaurena ba, shi ne ɗan da Yaya ya haifa.

Yaro ne mai kai, ba na hana shi. Da shekararsa ta zo, uban ya sa shi cikin huɗu kamar kowa. A lokacin babu kujeru, tabarma nake shimfiɗawa. Ya zo ƙofar zaure ya tsaya, ya dubi tabarma, ya dubi wandonsa, ya juya. Na bi shi har ofis, da kunnena na ji.

"Baba, da wannan kayan zan zauna a ƙasa cikin wari? Shari'a na zo koya, ba tatsuniya ba. Gwaggo ce fa, tun ina goye nake jin labaranta."

Yaya ya ce, "Ji kake yi ko sauraro? Koma."

"Ba zan koma ba."

"To babu fayil."

Ya samu wuri a wani ƙaton ofis a Abuja, mai bene da sanyin esi, can ya yi hutunsa, can ya zauna har ya zama babba. Ba su yi gaba ba. Yana zuwa da Sallah, yana durƙusawa ya gaida ubansa, yana kawo mini atamfa. Amma zancen shari'a bai ƙara haɗa su ba, kuma bai ƙara taka ofishin ba. Ni da Yaya mun yi faɗa a kan wannan, faɗan da ba mu taɓa irinsa ba. Na ce ɗanka ne, ka ɗaga masa ƙafa. Ya ce, "Idan na ɗaga wa nawa, da wane ido zan ce wa ɗan wani koma?" Na yi wata guda ban aika masa da daddawa ba. Miyar gidansa ta lalace, shi ya zo biko.

To, aka yi addu'ar bakwai. Tsofaffin ɗalibai suka kewaye ɗan Yaya a soro. 'Yata ta ce za ta riƙe ofishin, wasu suka ce za su riƙa zuwa bi da bi, a dai bar yaran nan huɗu su yi hutunsu. Ya saurare su da ladabi ya ce, "Na gode. Amma ofishin nan Baba ne. Babu shi, babu ofis." Da suka matsa sai muryarsa ta canza, ya ce, "Ku ya koya wa aiki. Ni ban san abin da ake yi a ciki ba." Ya sa makulli a aljihu.

Suka zo wurina wai in roƙe shi. Na ce ni ba na roƙon ɗan da na goya. Na aika masa kawai cewa laimar ubansa da takalman robarsa suna zaurena, ya zo ya kwashe.

Ya zo da hantsi, hadari na haɗuwa. Kujeru huɗu na jingine su a lungu. Na ɗauke faifaina daga kan ta biyar, na tura masa ita da ƙafa.

"Gwaggo, sauri nake yi."

"Ruwa zai sauko. Zauna ya wuce."

Ya zauna a ɗofane, makullin mota a hannu. Na ci gaba da tsintar kalwa, na ɗauko zance kamar da bango nake yi. Na ba shi labarin shekarar da ya tafi Abuja. Na ce a daminar ne katangar mai ƙosai ta faɗi ta danne mata agwagi. Na ce a shekarar ne uwarsa ta yi ciwon ƙafa aka yi ta gashi. Na ce bayan tafiyarsa da kwana biyu ubansa ya ɗauke ni a mota zuwa wurin wani kafinta a Angwan Iya, mai ido ɗaya, wanda matarsa ta haifi tagwaye har sau biyu, uban ya ce tabarmar nan ta isa haka, yara suna da gaskiya, a yi musu abin zama, ya ce a yi biyar, kafinta ya ce sai bayan Juma'a don ɗan'uwansa na aure. Na shiga auren, na faɗi wanda ya yi rawa har ya faɗi, na fito ta motar amarya da ta maƙale a laka. Na yi ta zuba. Ruwa ya sauko, ya yi ta dukan kwano.

Can na kai aya. Na ce, "Ga laimar can, ga takalman."

Bai tashi ba. Makullin motar ya daina kaɗawa.

Ya ce, "Gwaggo."

"Na'am."

"Huɗu yake ɗauka."

"Huɗu."

"Bai taɓa ƙarawa ba."

"Bai taɓa ba."

"To don me ya ce a yi biyar?"

Jama'a, na ga ɗalibai, na ga masu kai, amma ban taɓa jin daɗin tambaya kamar wannan ba. Saura kaɗan in yi guɗa a gidan makoki. Na daure na ce, "Ni ma haka na tambaye shi a gaban kafintan. Ya ce in ajiye ta, mai ita zai zo. Duk damina idan ya kawo sababbi sai ya leƙa ya ga ko tana nan. Ita kake kai."

Ya sunkuyar da kai ya dubi kujerar, ya shafa gefenta da hannu. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa, ni kuma na ba shi lokaci, don na iya jira. Can ya ɗago, ido jawur, ya ce, "Sai kuma me ya ce?"

Wallahi da muryar uban ya faɗe ta. 

Na ce, "Ya ce idan ka zo kada in sassauta maka."

Ya yi dariya yana share fuska da hannun riga mai tsada. Ya ce, "Na ci, ko in koma?"

Na ce, "Na yau ka ci. Saura kwana shida."

Ruwa na tsayawa ya kira 'yata a waya ya ce ta nemo masa yaran nan huɗu. Ya ba ta makulli ɗaya ya riƙe ɗaya. Ita ce a ofis kullum, shi kuma yana tahowa daga Abuja kwana biyu a mako, ya ce sauran sai ya ga yadda hali ya yi. Ban ce ya zama ubansa ba. Gyaɗa ma ba ta dame shi ba. Amma ofis a buɗe yake, tsohon nan na Gitata da ya zo ta'aziyya ya dawo da wata rigimar, an ce ya yi magana tun hantsi har azahar ba wanda ya ce masa taƙaita.

Yaya, ka bar mutane sun gama magana a duniya, Allah Ya saurare ka da rahama. Ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata maka makwanci, Ya sanyaya shi kamar ƙasar da ruwan fari ya sauka a kanta. Ya ba matarka haƙuri, Ya ba ɗanka kunnenka. Mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da kyau.

Ranar Litinin da aka fara hutu suka iso zaurena, sun sha guga, kalwa kuwa ta kwana biyu a rufe. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta zaro hankici. Ɗan Yaya, da kwat ɗinsa da furfurarsa, ya ratsa ta tsakiyarsu ya ja kujerarsa ya zauna, ya ce mata, "Mayar da shi, abokiyar aiki. Warin ba ya cizo."

Na ɗauko musu labari sabo fil, wanda ko Yaya bai taɓa ji ba. Faifaina kuwa yanzu a ƙasa nake ajiye shi.